Hoton Mama Talatu a Ƙarƙashin Ruwa

Tun da na dawo Jidda ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a wajen mai shayin unguwarmu ta Nuzla, sai wani ya jawo kujera: "Ya Usman, wai da gaske ka je Najeriya ka kwanta a ƙasan kogi da dutse a ciki?" Wani ya ce ya ji kada ya biyo ni, wani har ya rage murya ya tambaye ni ko addinina na nan. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa yana ƙara masa gishiri. Ga shi a rubuce. Duk wanda ya sake tambaya zan miƙa masa, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, a Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taho aikin hajji daga ƙasar Kano, bai koma ba. Fasfo ɗina na Najeriya ne, amma har na shekara talatin da huɗu ban taɓa taka ƙasar ba. Sana'ata ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku. Baƙi su zo, a ɗaura musu tukunyar iska a baya, su nutsa cikin Bahar Maliya, ni kuma in bi su da kyamara a cikin akwatinta mai hana ruwa shiga. In mutum ya rufe ido ko kifi ya gitta, sai in ɗaga masa yatsa ɗaya, wato a sake. Ku riƙe wannan yatsan, zai dawo.

Bara mahaifiyata, wadda muke kira Hajja, ta karye a ƙugu, ta yi wata biyu a asibiti. Nas ɗin da ta fi kula da ita 'yar Najeriya ce, Kirista, ana kiranta Sista Rifkatu. Hausa ce ta fara haɗa su. Ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, har ita ke tuna mata an kira salla. Kafin a sallame mu Hajja ta koma kiranta "'yata".

Da Sista ta ji ina shirin zuwa Kano in ga dangin kaka, sai ta zo gidanmu ranar hutunta. Hajja ta zuba mata gahawa, Sista ta riƙe finjalin har ya huce ba ta kurɓa ba.

"Usman, alfarma na zo nema," ta ce. "Za a yi wa mamana baftisma a kogin garinmu kafin bikin Ista. Na nemi hutu, ba a ba ni ba."

Na tambaye ta yadda ake yin abin. Ta ce fasto ne yake shiga ruwa da mutum, ya kwantar da shi har ruwa ya rufe shi, sannan ya ɗago shi, alamar ya shiga bangaskiya da zuciya ɗaya.

"Mama ta haura saba'in," ta ci gaba. "Shekara talatin ba ta taka kogin nan ba, ko wanki ba ta zuwa, tun da ya ci ƙanena Iliya wata damina. Ko gawarsa ba mu gani ba. Tana zuwa majami'a, amma duk shekara in aka zo baftisma sai ta ce ƙafa ke mata ciwo. Ni ce na yi ta damun ta a waya. Yanzu ta yarda, ni kuma barci ya ƙaurace mini. Tsoro nake don ni za ta yi, na tura tsohuwa cikin abin da ta fi tsoro a duniya."

"To, hoto fa?"

"A bakin ruwa kowa zai ɗauka da waya, kuma na san fuskar da za ta nuna musu. Mama ba ta bari a ga tsoronta. Ta ƙarƙashin ruwan nake so, inda ba za ta iya ɓoye komai ba. Ko me ka gani ka kawo mini, kar ka gyara. Kuma kar ka turo ta waya. Nan nake so in gani, kusa da Hajiya."

Ta yi sallama ta tafi. Gaskiya abin ya yi mini nauyi, ni Musulmi in je in tsaya a tsakiyar ibadar da ba tawa ba. Na faɗa wa Hajja haka.

"Ya waladi," ta ce, "matar nan da hannunta ta riƙa kwashe ƙazantata, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Hoto ta roƙe ka, ba imaninka ba. Yalla, ka je. Halas."

In Hajja ta ce halas, magana ta ƙare.

Kafilina, mai shagon da nake wa aiki, ya fitar mini da izinin fita da dawowa, yana tambaya ko akwai murjani a kogunan Najeriya. Na ce zan dubo masa. A filin jirgi aka fara samun matsala. Hajja ta danƙare jakata da dabino da turare da jallabiyoyin tsaraba, aka ce kaya sun yi nauyi. Zaɓi ya rage tsakanin dabinonta da ɗamarar dalma da nake ɗaurawa don ta riƙe ni a ƙasan ruwa. Na kalli fuskar Hajja, na cire dalmar.

A Kano, jami'in da ya karɓi fasfona ya jujjuya shi, ya dube ni.

"Ɗan ƙasa ne kai?"

"Aiwa."

"Na ce ɗan ƙasa ne kai?"

"Eh, ranka ya daɗe."

"Ina ne garinku?"

Bakina ya riga ni, na ce Nuzla. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga ɗan Najeriya daga Nuzla, suka yi dariya mai isarsu. Sannan ya buga hatimi, ya ce, "Barka da zuwa gida." Na karɓi fasfona na wuce.

Kwana uku na yi wajen dangi. Kowa Alhaji yake kirana, har da kawun da ya haifi kamata. Suka ce Hausata ta tsofaffin mata ce, kuma da gaskiyarsu, wajen kakata na koye ta. Gaisuwa ta so ta ba ni wahala. A Jidda mutum ya tambayi lafiyarka sau biyu ya wuce. A can sai an tambayi gajiya, da gida, da aiki, da zafi, da mutanen Makka, in ka ɗauka an gama sai a koma kan gajiya.

Rana ta huɗu aka raka ni tasha, na nemi motar Bauchi. Na tambayi direba ƙarfe nawa za mu tashi, ya ce in mota ta cika. Cikar mota kuwa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ni ne na biyun, akwatin kyamara a kan cinyata, giya tana dukan gwiwata duk lokacin da direba ya canza. A wani shingen bincike wani mai kaki ya leƙo, ya nuna akwatin.

"Mene ne wannan?"

"Kyamarar ruwa ce."

Ya waiwaya dama da hagu, ba komai sai busasshen daji. "Ina ruwan?"

Bayani ya ƙi shiga. Ƙarshe sai da na ciro gilashin da nake rufe ido da hanci da shi, na saka a gefen titi cikin tsakar rana, ina nuna yadda ake iyo. Fasinjoji suka yi ta dariya, wata mata har da hawaye. Mai kakin ya ce mu tafi, Allah ya ba ni lafiya.

A Bauchi na ci masa da miyar taushe, na yafe wa direba duk abin da ya yi wa gwiwata. Ni da na tashi da ful da tamis, wato wake da gurasa, kowace safiya, ban san haka ake karyawa a duniya ba. Daga nan wata motar ce ta kai ni mararraba, sai ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyen su Rifkatu, na rungume akwati da hannu ɗaya, na rungume shi da ɗaya.

Gidan Fasto Bitrus aka sauke ni. Dogon mutum ne mai furfura, mai son dariya. Kafin in ajiye jaka matarsa, wadda duk gari ke kira Mama Fasto, ta kawo buta da sabuwar tabarma, ta nuna mini gabas da hannu. Na ji kunyar duk tunanin da na taho da shi a hanya. Sannan ta dawo da zakara a hannun hagu, wuƙa a dama, ta miƙo mini.

"Malam Usman, ka yanka da kanka, don ka ci da kwanciyar rai."

Na kalli zakara, zakara ya kalle ni. Mu a Jidda kaza a daskare take zuwa cikin leda, ban taɓa yanka ko tattabara ba. Na tsaya ina juya wuƙa har Fasto ya gane, ya aika aka kira maƙwabcinsa Jauro, wani dattijon Bafulatani mai shanu a bayan gari. Jauro ya yi bisimilla ya yanka, ya goge wuƙa, ya dube ni yana girgiza kai: mutumin Makka guda bai iya yanka ba. Da zakaran aka yi miyar da muka ci tuwon dawa.

Washegari Laraba, baftisma kuwa Asabar ce da safe. Fasto ya kai ni in ga ruwan. Bazara ce, kogin ya janye, sai wani gurbi da ya rage a gindin dutse, zurfinsa iya ƙirji. Na shiga ciki na tsoma hannu, kafin ruwa ya kai wuyan hannuna na daina ganin yatsuna. A tekunmu kana hango kifi daga nesa har ka ƙirga zanen jikinsa. Wannan kuwa kunun kanwa ne. Daga sama shanu na sha suna tattaka laka, a gefe mata na wanki, kumfa na gangarowa.

Duk da haka na dake, na ɗaga wa Fasto yatsan nan nawa.

"Ba komai, Fasto. In na farko bai fito ba, sai a sake."

"A sake me?"

"Nutsarwar. Sau biyu ko uku, har mu samu mai kyau."

Fasto ya yi dariya har sai da ya zauna a kan dutse. Da ya share ido sai ya ce, "Malam Usman, sau ɗaya ake yi wa mutum a rayuwarsa. Ka taɓa jin an sake yanka ragon suna don mai hoto bai shirya ba?"

Na ce ban taɓa ji ba. Na tambaye shi tsawon lokacin da mutum yake yi a ƙasa. Ya ce kwantarwa da ɗagowa, kamar ka ƙirga ɗaya, biyu. Ya ƙara da cewa mutum goma sha tara ne a jeri, kuma Mama Talatu, mahaifiyar Rifkatu, ita ce ta ƙarshe, don ita ta zo ajin baftisma a ƙarshe. Wato ƙafafun mutum goma sha takwas za su gama dama lakar kafin ta shigo. Shekara goma ina wannan sana'a da yatsa ɗaya, ga shi an karɓe mini shi.

Muka zauna muka yi shawara. Mata dai Fasto ya ce zai roƙe su a bar wanki ranar Alhamis da Juma'a. Shanu kuwa ya ce in je da kaina, tunda gabas ɗaya muke kallo da mai su. Na yi la'asar a rugar Jauro, na ba shi dabinon Hajja, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallon dabinon a tafin hannunsa.

"Talatu ce za ta shiga ruwa?" ya ce. "Ina cikin waɗanda suka bi kogin nan kwana uku muna neman yaronta. Shanu za su sha a ƙasa. Ko mako guda kuke so."

Ranar Alhamis da hantsi na je gaida Mama Talatu. Na tarar da 'yar ƙaramar tsohuwa a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa kamar yadda aka koya mini a Kano. Ta tambayi Rifkatu, ko tana cin abinci, ko ta rame. Fuskarta a rufe take ruf, na gane abin da Sista take nufi. Na zauna ina taya ta ɓara.

"Ɗana," ta ce, ba ta ɗago kai ba, "an ce ka shiga gurbin jiya. Me ke ƙarƙashi?"

"Yashi ne, Mama, da duwatsu, sai 'yan ƙananan kifi."

"Shi ke nan?"

"Na shafa ko'ina da hannuna. Shi ke nan."

Ta fasa gyaɗa biyu kafin ta sake magana. "Ba nutsewa nake tsoro ba. Na tsufa, mutuwa ba ta ba ni tsoro. Ni na aike shi ya kai wa babansa abinci a gona, tsallaken kogi, alhali na ga hadari. Tsoro nake in buɗe ido a ƙasa in gan shi yana kallona."

Baƙi masu tsoron ruwa na saba da su, in ce su ja numfashi a hankali, su kalle ni. Wannan tsoron ba a koya mini maganinsa ba.

"To ki rufe ido, Mama. Ba dole sai kin buɗe ba."

"In na rufe, zan mutu ban sani ba." Sai a lokacin ta dube ni. "Kana can ƙasa in na zo?"

"Ina can kafin ki iso."

"To ka gaya wa Fasto ni ce ta fari. In shiga kafin zuciyata ta canza shawara."

Ban ma roƙe ta ba, ta ba ni abin da na zo nema. Amma na bar gidan da nauyin da ya fi wanda na shiga da shi. In fuskar da na ɗauko ta firgici ce fa? Ni ne zan ɗauke ta in kai wa matar da ta yi jinyar uwata, in ce ga abin da kika sa aka yi. Ba zan ɓoye muku ba, har na shirya ƙaryar da zan yi, in ce ruwa ya yi duhu, ba abin da ya fito.

Ranar Juma'a ruwan ya fara kwanciya, ya koma kalar shayin da bai ji ganye ba. Ana iya ganin abu in bai wuce tsawon hannu ba. Na shiga gwaji, sai ga sharrin rashin dalma: da na cika ƙirji da iska na kwanta, sai ruwa ya ɗago ni, bayana ya fara fitowa. Fasto na tsaye yana ba ni labarin abin da yake gani daga sama. Mama Fasto ce ta warware matsalar. Ta kawo ɗan dutsen niƙanta, ta naɗe shi a wani zane mai furanni, ta ɗaura mini a ciki kamar goyon gaba.

"Ka dawo mini da shi," ta ce. "Na uwata ne."

Asabar da safe gari duka ya gangaro kogi. Matan zumuntar majami'a na gaba da zane iri ɗaya, suna buga tulu suna waƙa, masu baftisma na biye da su cikin fararen kaya. A tsallake na hango Jauro tsaye, sanda a kafaɗa, ba saniya ko ɗaya. Ni tuni na shige ruwa a hankali don kar in tayar da laka, cikin baƙaƙen kayan nutso, na yi bisimillata a zuciya. Mun yi da Fasto cewa da ya ɗaga hannu zai fara addu'a sai in nutsa.

Mama Talatu ta zo bakin ruwa ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Waƙar ta ƙare, mata suka kalli juna suka sake ɗauko ta daga farko. Ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya ce mata komai. Can ta waiwayo inda kaina yake a saman ruwa, ta ɗaga ƙafa ta saka. Fasto ya miƙa mata hannu, suka tako har ruwa ya kai mata ƙirji. Ya ɗaga hannu, na ja numfashi na nutsa.

Abin da Fasto bai faɗa mini ba shi ne, in addu'a ta yi masa daɗi ba ya gajarta ta. Ina kwance a kan yashi, dutsen niƙa na danna mini ciki, ba abin da nake gani sai ƙafafu huɗu. Na Fasto a kafe suke. Na Mama sirara ne, yatsun sun damƙi yashi, suna rawa. Ina jin muryarsa daga sama kamar daga cikin randa. Minti ɗaya ya wuce. Ƙirjina ya fara zafi, idona ya fara ganin taurari. In na ɗago yanzu na tayar da laka, kuma na karya alkawarin da na yi wa tsohuwa. Na ce wa kaina, Usman, in mutuwa ce a nan za ka yi ta.

Sai farin zane ya sauko, sai ga fuskar a gabana, kusa har zan iya taɓa ta. Idanun a runtse gam. Na danna. Sai suka buɗe, suka sauka a kaina. Na ci gaba da dannawa. Bakinta ya buɗe, kumfa ta turnuƙe tsakaninmu, aka ɗauke ta sama.

Na fito ina haki kamar wanda aka shaƙe. Na hango ta tana tari, ruwa na fita ta hanci, mata sun rufe ta da zane sun yi sama da ita suna guɗa. Ban ga fuskarta ba, ban san ko ihu ta yi a ƙasan ba. Na ja jiki bayan dutse, na goge hannu, na duba kyamara. Hoto bakwai na ɗauka. Na farko ido a rufe. Na biyu gefen zane. Na uku gwiwar hannun Fasto. Huɗu da biyar laka. Na bakwai kumfa zalla. Na shida kuwa na daɗe ina kallonsa, sannan na zauna a kan yashi da dutsen niƙan a cikina, ina alhamdu lillahi ba ƙaƙƙautawa. Abin da ke ciki sai ku yi haƙuri, ba ku kuka aike ni ba. Mai aiken ce za ta fara gani.

Na mayar wa Mama Fasto dutsenta lafiya. Kwana biyu na ƙara, kuma a kwana biyun nan na lura duk inda na bi mata na rufe baki suna dariya. Ranar Litinin na je sallama. Mama Talatu ta ba ni ƙullin gyaɗa da kuka da daddawa na Rifkatu, ta ba ni saƙon baki, ta sa na maimaita sau biyu don kar in ɓata shi da Larabci. Daddawar nan ta sa duk wanda ya zauna kusa da jakata daga Bauchi har Jidda ya riƙa kallona.

Da na sauka, unguwar Bagdadiyya na kai aka wanke hoton, babba, na saka shi a ambulan. Sista Rifkatu ta zo ranar hutunta, ta zauna inda ta zauna wancan karon. Hajja ta zuba mata gahawa, Sista ta ajiye finjalin a gabanta ba ta taɓa ba.

"Sun turo mini hotunan waya," ta ce. "Ta fito tana tari, mata suka rufe ta. Na tambaye ta, ta ce in jira baƙona. Usman, in ba kyau ka faɗa mini kafin in buɗe."

"Kin ce kar in gyara. Ban gyara ba."

Ta zaro shi. Ruwan ja ne, gefe-gefe duk duhu. Ɗankwali ya zame yana tashi, furfura ta bazu. Idanun Mama a buɗe suke tar. Bakin ma a buɗe yake, haƙoranta huɗu da suka rage duk a waje, kumatu sun tattare.

Sista ta kai hoton kusa da fuskarta, ta mayar da shi nesa. "Dariya take," ta ce a hankali. "Hajiya, duba, dariya take yi. Usman, me ta gani?"

Na gyara zama na isar da saƙo yadda aka ba ni.

"Ta ce in gaya miki ta buɗe ido, ta duba da kyau. Iliya ba ya can. Ba kowa a ƙasan sai wani ƙaton ƙwaɗo daga Makka, ya kumbura kumatu, ya goyi dutsen niƙan matar Fasto. Ta ce kuma ki daina cewa don ke ta yi, ita ma tana da abin da ta je dubawa."

Sista ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta kifa kai a cinyar Hajja. Hajja na shafa bayanta tana cewa, "Halas, 'yata, halas." Ni ma na juya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Da ta ɗago ta share fuska, sai ta ce, "Ka tabbata ba don ta kwantar mini da hankali ta faɗa ba? Na san Mama."

"Ranar da zan taho, ɗan acaɓa ya bi da ni ta bakin kogi," na ce. "Na gan ta a cikin mata, ruwa har gwiwa, tana wankin zanenta."

Sista ta ɗauki finjalin gahawar da ya riga ya huce, ta shanye, ta miƙa wa Hajja a ƙara mata.